Kallon Tsuntsaye a GRA ta Bauchi Ba Zaman Banza Ba Ne

Idan ka ce wa abokanka gobe za ka yi sammako ka je kallon tsuntsaye, abin da za su fara tambayarka shi ne, "Ina danƙonka?" In ka ce ba harbi za ka yi ba, kallo kawai za ka yi ka rubuta abin da ka gani, sai dariya ta tashi. Wani ya ce wannan ai aikin Turawa ne, su da suka ci suka ƙoshi. Wani ya ce rashin abin yi ne ke sa mutum ƙirga tsuntsun da ba nasa ba. Ni kuwa, ya kai mai karatu, ra'ayina ya saɓa da nasu. Ina ganin lura da tsuntsaye da sauran ƙananan dabbobin da ke kewaye da mu, daga damina zuwa damina, yana cikin ayyuka mafiya amfani da ɗalibin sakandare zai iya yi ba tare da ya kashe ko kwabo ba. A garin Bauchi kuwa, babu unguwar da ta fi GRA dacewa da wannan aiki, kuma babu inda ya fi zama na gaggawa.

Bari mu fara da ita unguwar. Birnin Bauchi ya girme ta nesa ba kusa ba, domin Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa birnin a 1809, aka kewaye shi da ganuwa. Turawan Ingila sun ci garin a 1902. Da suka zauna ba su shiga cikin birni ba, sai suka keɓe wa kansu wuri a bayan ganuwa, kamar yadda suka yi a Kano da Zariya da Sakkwato. Tsarin da gwamnatinsu ta bi a wancan zamani shi ne a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Kowane gida aka ba shi fili wadatacce, aka dasa bishiyoyi a bakin titi da cikin gidaje, don Razdan da Di'o su sami inuwa. Bayan samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen. Da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 unguwar ta ƙara faɗi, har yau ana maganar Tsohuwar GRA da Sabuwar GRA.

Ba wanda ya yi tunanin tsuntsaye a lokacin da ake wannan dashe, amma su suka fi kowa cin moriyarsa. Bishiyoyin sun girma sun tsufa: mangwaro, da maɗaci, da tsamiya, da cediya, da turare, da bishiyar nan da aka kawo daga Indiya wadda wasu ke kira maina, wasu darbejiya, wasu dogon yaro. Je ka tsaya a kasuwar Wunti da hantsi, ka kasa kunne. Abin da za ka ji shi ne hon ɗin babura da cinikin mutane, in ka ɗaga kai ka ga tattabaru da hankaka ɗaya ko biyu. Kashegari ka bi wani titi a Tsohuwar GRA bayan asuba. Kurciya tana ta kuka a kan waya, hasbiya mai jan zobe a ido tana kan rufin kwano, tsirya ta wuce a guje tana ƙara, can cikin shinge kuma ragon maza yana yin wani sauti kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ba ta da yawa. Bishiya ce kawai ta raba su.

Wanda ya fita sau ɗaya zai ɗauka tsuntsayen nan kullum su ne, kullum haka suke. Sai wanda ya dage shekara guda zai gane cewa unguwar tana canza mazauna kamar tashar mota.

Da bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kusanci digiri 40, ciyawa ta ƙone, ruwa ya yi wuya. Za ka ga tsuntsaye sun buɗe baki suna haki a inuwa, kuma duk inda famfo ke ɗiga nan ne majalisarsu. Wannan shi ne lokaci mafi sauƙi ga mai koyo, domin ba sai ka bi su ba. Ajiye kasko da ruwa a gindin bishiya, ka ja da baya ka zauna shiru, za su zo da kansu, manya da ƙanana, har ƙadangare ya bi sahu. Hausawa dai sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Lura da namijinsa ma: yayin da damina ke gabatowa kansa yakan ƙara ja, jikinsa ya yi duhu, yana ta gyaɗa kai a kan katanga.

A ƙarshen wannan zafi ne shamuwa ke isowa, kuma a kanta nake so in daɗe. Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki da dogayen ƙafafu. Manomin ƙasar Hausa tun kaka da kakanni ya san cewa in ya ga shamuwa tana shawagi a sama, lokacin gyaran gona da fito da iri ya yi. Ba ya harbinta, yakan ma yi murna in ta yi sheƙa a bishiyar ƙofar gidansa, domin fara da tsutsotsin gona su ne abincinta. To, ina take zuwa in ta tafi? Binciken masana ya nuna cewa bayan ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a arewacin Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu, takan ƙetare tsakiyar Afirka ta sauka a ƙasashen gabas da kudu, irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke sauka a lokacin da mu muke rani. Wato damina take bi, ba ta yarda rani ya riske ta. Yanzu ka tambayi wanda ya ce kallon tsuntsu aikin Turawa ne: manomin da ya karanta zuwan ruwa a jikin shamuwa, Bature ne ya koya masa? Ilminmu ne na gado. Abin da muka rasa kawai shi ne rubuta shi da kwanan wata.

Ruwan farko in ya sauka da yamma, shinge kan fito daga ƙasa su cika fitilun titi. A daren nan da safiyar da ta biyo baya kowa biki yake yi: kwaɗi, da ƙadangaru, da tsattsewa, da bushiya wadda ba a cika ganinta da rani ba, har da yara masu kwano a hannu. Daga nan sai tsuntsaye su shiga canza tufafi. Namijin marai, wanda da rani ba ka iya bambanta shi da matarsa, yakan zama rawaya shar, ya shiga yago ganyen ciyawa yana saƙa sheƙa a ƙarshen reshe, inda maciji ba zai kai ba cikin sauƙi. In ya gama sai ya rataya a ƙasanta yana kaɗa fukafukai, macen ta zo ta duba. In ba ta gamsu ba ya sake wata. A filayen da ba a gina ba, inda ciyawa ta yi tsawo, za ka ga wani ɗan tsuntsu ja da baƙi kamar an lulluɓe shi da mulufi. Zalaidu kuma ya fito da doguwar wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo. Duk wannan ado na 'yan watanni ne. Bauchi kan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, galibinsa tsakanin Mayu da Satumba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne ƙwari da tsabar ciyawa ke isa a ciyar da 'ya'ya.

Kaka ba ta daɗewa. Shamuwa ta tafi, marai ya tuɓe rigarsa, cilakowa na wucewa kudu a warwatse, ɗaya bayan ɗaya, tana tashi tana sauka a iska kamar mai jin kasala.

Sai hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da hazonsa da sanyinsa. Mutane sukan ɗauka lokacin mutuwar daji ne, alhali kuwa a lokacin ne baƙi suka fi yawa. Mangwaro yana fure, rimi yana fure, jemagu na zuwa sha da dare. Gawo, wanda ya kaɗe ganyensa da damina saɓanin sauran bishiyoyi, yanzu ya yi kore. Inda aka sa wa daji wuta a bayan gari shirwa kan taru a kan hayaƙi tana cafke farar da ke gudu. In ka sami zuwa madatsar ruwa ta Gubi za ka tarar da zalɓe da balbela da kirinjijiya a bakin ruwa. Amma baƙin da na fi so ka nema ƙanana ne, masu launin ƙasa, waɗanda ido kan wuce su. Akwai mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Akwai masu leƙe-leƙe cikin ganyen ƙaya suna tsintar ƙwari. Da yawansu a Turai aka ƙyanƙyashe su. Wani nauyinsa bai wuce giram 10 ba, bai ma kai nauyin murabba'in sukari uku ba, amma ya ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara da fukafukansa. Kafin ya koma a watan Maris ko Afrilu sai ya ci ya tara kitse, wani har nauyinsa ya kusa ninkawa, domin kitsen nan shi ne guzurinsa a hamada inda babu ci babu sha.

Kana iya cewa, yaya aka yi aka san haka? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa ita ce ginshiƙin maganata. Har zuwa ƙarni na 18 akwai malaman Turai da suka gaskata cewa in sanyi ya zo tsattsewa takan nutse cikin taɓon tafki ta yi barci sai bazararsu. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, 'yar'uwar tamu, aka tarar da mashi ya huda wuyanta yana nan maƙale. Da aka duba icen da ƙirar mashin, sai aka ga na Afirka ne. Wani maharbi ya jefe ta a nan nahiyarmu, ta tashi da mashinsa har Turai. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostok har yau. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye ƙaramin zobe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari. Ka lura, malamin makaranta ne, ba wani mai dukiya ba. Da irin wannan haƙuri na mutane masu yawa aka gano hanyoyin da tsuntsaye ke bi.

Ga wani misalin da ya shafe mu kai tsaye. A Ingila akwai masu sa kai da ke ƙidaya tsuntsayen gonakinsu kowace shekara. A 1969 suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke yin hunturu a yankinmu na Sahel, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka gano ruwan sama ne ya gaza a Sahel a 1968. Mafarin babban farin nan ke nan wanda ya tsananta a 1973, ya kashe dabbobi ya tayar da garuruwa a Nijar da arewacin Nijeriya. Littafin wani mai ƙirga tsuntsu a ƙauyen Ingila ya ɗauki alamar masifar da ke tafe mana. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu, littattafai nawa muka ajiye?

Dubi abin da ya sami ungulu. Tambayi duk wani dattijo a Bauchi, zai gaya maka cewa a da ba a raba mahauta da ungulu, tana kan rufin kasuwa, tana kan kuka da rimi, har an saba da ita ba a ko kallonta. Ta shiga harshe ma: ana cewa ungulu ba ki jewar banza, wanda aka yaudara kuma ya ce an yi masa ungulu da kan zabo. Yau yaro na iya gama sakandare a birni bai taɓa ganin ta ba. Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta ga masu tsibbu, tana cin mushen da aka sa wa guba, kuma ana sare dogayen bishiyoyin da take sheƙa a kansu. A 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke tsara jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa ungulun garuruwanmu a matakin da ke dab da ƙarewa. Wanda ya ce ina ruwansa da wannan mummunar tsuntsuwa, ya dubi Indiya. Daga farkon shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, saboda wani maganin shanu mai suna dikilofenak da ke lalata musu ƙoda in sun ci mushe. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, su kuwa suna yaɗa ciwon haukan kare. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta karɓar albashi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, in ka tambayi dattijon nan a wace shekara ce ta fara raguwa, sai ya ce, "An daɗe." Gaskiya ya faɗa, amma da "an daɗe" ba a iya tsara magani, ba a kuma iya shawo kan hukuma.

Yanzu mu koma GRA. Duk mai bin unguwar ya san fili ya yi tsada. Gidan da a da yake shi kaɗai a tsakiyar lambu, yau an yanka filinsa gida huɗu ko shida, ko an mai da shi otal ko rukunin shaguna. Abu na farko da kan faɗi shi ne babbar bishiya, sai a daɓe tsakar gida da siminti daga katanga zuwa katanga, a kawo furanni a tukwane. Ban ce mai gida ba shi da iko da filinsa ba, kuma gari mai girma dole ya nemi wurin zama. Amma a san abin da ake bayarwa. Sau da yawa akan ce, "Mun sare ɗaya, za mu dasa goma." Tsuntsu kamar cilakowa bai san wannan lissafi ba. Ita a kogon bishiya take ƙwai. Macen takan shiga kogon, a toshe ƙofar da laka sai ɗan tsagi kaɗan, namijin ya riƙa miƙo mata abinci ta nan har 'ya'ya su yi ƙwari. Tsirya ma kogo take nema, haka mujiya. Kogo kuwa ba ya samuwa a dashen bana. Sai bishiya ta shekara da yawa, reshe ya karye, ruwa da gara su yi aikinsu. Maɗacin da aka dasa kafin a haifi kakanka, injin zarto kan kwantar da shi kafin azahar, goman da aka dasa a madadinsa kuwa sai jikokinka ne za su ga kogo a jikinsu, in akuya ta bar su.

Na san akwai masu cewa, ana fama da tsadar abinci wa ke ta tsuntsu? Ba zan raina wannan magana ba. Sai dai ka dubi abin da tsuntsayen ke ci. Shamuwa da balbela fara suke ci. Tsattsewa ƙwari take kamawa a iska tun safe har magariba. Mujiya, wadda baƙin jininta ya zama abin misali har ana jifanta in ta sauka a gida, ɓeraye ne abincinta, kuma jihar Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lasa ya fi addaba, ciwon da ɓera ke yaɗawa. Duk ɓeran da mujiya ta haɗiye bai shiga rumbu ba, bai taɓa kwanon abinci ba. Jemage, wanda ake kora saboda mangwaro, shi ke kai ƙwayar cediya da ɓaure nesa ya shuka, shi ke barbarar furen kuka da rimi. Gaskiya ne akwai masu ɓarna. Jan-baki in ya sauka a gonar gero ko shinkafa dubbai-dubbai, manomi kuka yake yi, kuma ba wanda zai ce masa ya tsaya yana sha'awa. To amma ko yaƙi da jan-baki sai an san inda yake kwana, da inda yake sheƙa, da watan da yake tasowa. Wannan ma aikin mai lura ne.

Wasu kuma za su ce GRA unguwar manya ce, me ya kai ɗan talaka? Gidajen nasu ne, amma titi na kowa ne, kuma tsuntsu bai san katanga ba. Hasali ma amfanin aikin yana cikin kwatantawa. Ƙirga irin tsuntsayen da ka gani cikin rabin awa a GRA, ka ƙirga na rabin awa a Yalwa ko Fadaman Mada ko cikin gari, ka ajiye lissafin biyu gefe da gefe. In kuwa kana karanta wannan littafi a Inugu ko Ibadan ko Fatakwal, garinku ma yana da tasa GRA mai irin wannan tarihi, kuma abin da ke faruwa da bishiyoyinta ba zai yi nisa da na Bauchi ba.

Akwai wata riba ta musamman gare ka, kai mai koyon Hausa. Harshen nan cike yake da tsuntsaye. In aka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ko tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ko aka kira wani hankaka mai da ɗan wani naka, kana iya haddace fassarar ka ci jarrabawa. Amma daɗin maganar sai wanda ya san tsuntsun. Sunayen kansu darasi ne. Me ya sa aka ce ragon maza? Kalle shi yadda yake tafiya a ƙasa yana jan jiki, ba ya son tashi sai dole, za ka ba kanka amsa. Waɗannan sunaye ba kasafai ake jin su a rediyo ko a Facebook ba. Suna bakin maigadi, da mai ban ruwan fulawa, da Bafulatanin da ke wucewa da shanu, da tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin titi. Gaishe su da ladabi, ka ce, "Baba, don Allah mene ne sunan wancan tsuntsu?" Za ka sami suna, sau da yawa har da labari. Wani lokaci mutum biyu su ba ka suna biyu, domin Hausar Bauchi da ta Sakkwato ba su cika haɗuwa a kan ƙananan tsuntsaye ba. Rubuta duka biyun. Ka kuma tambayi sunan a harshenku na gida.

Kayan aikin ba su da yawa. Madubin hangen nesa yana da amfani, amma rashinsa ba hujja ba ce, domin ido da kunne sun isa a fara. Abin da ba a yi sai da shi shi ne ƙaramin littafi da fensir. Zaɓi hanya ɗaya, ka riƙa bin ta sau ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, daga fitowar rana zuwa hantsi, sa'ad da tsuntsaye suka fi motsi. Rubuta kwanan wata, da wurin, da yanayin gari. In ka ga wanda ba ka sani ba, kada ka yi masa suna da ka. Auna girmansa da wanda ka sani: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Bakinsa gajere ne mai kauri irin na mai cin tsaba, ko siriri irin na mai cin ƙwari, ko lanƙwasasshe irin na shaho? A ƙasa yake ko a ƙwanƙolin bishiya, kuma wace bishiya? Ranar da ba ka ga komai ba, rubuta cewa ba ka ga komai ba, domin wannan ma labari ne. Kada ka taɓa sheƙa, kada ka ɗauki ƙwai.

Wata 'yar nasiha kuma, tun da GRA ce. Unguwa ce mai gidajen gwamnati da masu tsaro, kuma zamani ya sa kowa yana ɗar-ɗar. Kada ka leƙa gidan mutane, kada ka auna waya ko madubi wajen ƙofar da ake gadi. Ku fita ku biyu ko uku da sanin malaminku, ku fara gabatar da kanku ga masu gadin titin. In sun san abin da ya kawo ku, su ne za su riƙa ce muku, "Jiya da magariba mujiyar nan ta dawo."

Kada ka ɗauka littafinka zai ƙare a ƙarƙashin katifa. A Laminga kusa da Jos, tafiyar kimanin kilomita 130 daga Bauchi, akwai Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a gefen dajin Amurum, tana aiki tare da Jami'ar Jos. A 2015 cibiyar ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, masu sa kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani suna aikawa ta wayar hannu. Yawancinsu matasa ne 'yan ƙasa. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, a dajin Yankari kaɗai, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, an ƙirga fiye da 350. Kuma ba a gama sani ba: a 1998 ne masana suka fara ba wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun Jos suna, domin kafin nan ba ya cikin littafin kowa. Yankari tana da ma'aikata da masu bincike. Titin bayan makarantarku kuwa, in ba kai ba, wa zai rubuta shi?

Da za a tambaye ni, da na ce kowace sakandare a Bauchi ta ajiye babban littafi guda a ɗakin karatu, wanda aji zai riƙa miƙa wa aji na bayansa. A shafin farko a ja layuka. Layi ɗaya na ranar da aka fara ganin shamuwa, ɗaya na ranar ruwan farko, ɗaya na daren da shinge ya fito, ɗaya na makon da marai ya fara saƙa. A ƙirga manyan bishiyoyin titi guda a GRA, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya rungume su, a rubuta adadinsu da sunayensu, a sake ƙirgawa kowace Janairu. A bar layi ɗaya kuma na ungulu, a rubuta ranar da wurin duk lokacin da wani ɗalibi ya gan ta, in shekara ta ƙare ba a gan ta ba a sa sifiri.